Sarƙar Taimin: Garin Neman Gira Ana Rasa Ido A Garejojinmu

Na daɗe ina jin masu motoci suna kuka da kanikawa, kanikawa kuma suna kuka da masu motoci, ban taɓa ɗaukar maganar da wani muhimmanci ba sai da abin ya faɗo kaina a cikin sanyin hunturun shekarar 2024. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili a yau in yi tsokaci a kan wata ɓarna da ke aukuwa a garejojinmu a kullum, wadda ba a cika jin labarinta ba saboda ba ta zubar da jini, amma tana zubar da jarin talakawa, tana kuma raba mutane da hanyar abincinsu. Ɓarnar kuwa ita ce lanƙwashewar bawul ɗin injin mota sakamakon ɗaura sarƙar taimin ba bisa ƙa'ida ba.

Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano, mai silinda 4 da bawul 16. Ta fara wata 'yar ƙara da sassafe idan an tayar da ita, kamar ana karkaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, bayan daƙiƙa biyu ko uku sai ƙarar ta ɗauke. Na kai ta wurin bakaniken da na shafe shekaru ina hulɗa da shi, ya saurara, ya ce sarƙar taimin ce ta saki, kuma gaskiya ya faɗa. Aka sayo sabuwa, aka kwance gaban injin. Ana cikin aiki aka kira maigidan zuwa wata motar da ta mutu a kan hanya, ya bar wa babban yaronsa ya ƙarasa. Da la'asar yaron ya rufe komai, ya zuba baƙin mai, ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya yi tari sau ɗaya, muka ji wani ƙas-ƙas kamar an buga cokali a kan faranti, daga nan shiru. Da ya sake murɗawa sai injin ya riƙa juyawa da sauri, sakayau, ba nauyi, ba alamar zai kama. Maigidan ya dawo, ya saurari wannan juyin, na ga fuskarsa ta sauya, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Alhaji, ai injin naka ne ya gaji, dama bawul ɗin sun kusa."

Motar da ta kawo kanta gareji da ƙafarta, sai da aka ja ta da igiya zuwa wurin wani dattijon bakanike da wani abokina ya yi mini kwatancensa. Dattijon bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ya buɗe murfin saman injin, ya juya injin da sifana har fistin na silinda ta farko ya hau ƙololuwa, sannan ya kira ni ya ce, "Malam, matso ka gani da idonka." Alamar da ke kan faifan da ke buɗe bawul ɗin shigar iska ta goce daga inda ya kamata ta tsaya da haƙori uku. Da aka cire kan silinda, bawul 8 na shigar iska duk sun karkace, a kan kowane fistin kuma ga tabon inda suka yi karo, kamar jinjirin wata. Na tambaye shi, "Baba, me ya jawo haka?" Ya ce faifan yana da alama fiye da ɗaya, yaron ya ɗauki wadda ba ita ba, kuma da ya juya injin da hannu kafin ya taɓa makulli, da sifanar ta cije ta gaya masa akwai matsala.

Domin mai karatu ya fahimci girman wannan kuskure, wajibi ne in ɗan yi bayanin yadda injin yake aiki. Injin mota yana tafiya ne a kan matakai huɗu. Fistin ya sauka, bawul ɗin shiga ya buɗe, iska da mai su shiga. Fistin ya hau, bawul duka a rufe, ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, mai ya ƙone, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin ƙasa. Fistin ya sake hawa, bawul ɗin fita ya buɗe, hayaƙi ya bi ta salansa. Fistin-fistin suna ɗaure ne da sandar ƙasa da kanikawa ke kira karanshaf, bawul kuma sandar sama ce ke danna su, wato kamshaf. A cikin matakan nan huɗu karanshaf yana zagayawa sau biyu, kamshaf sau ɗaya, shi ya sa haƙoran faifan sama suka ninka na faifan ƙasa. Abin da ke haɗa sandunan nan biyu, ya tilasta masu tafiya tare ba wanda ya riga wani, shi ne sarƙar taimin, ko kuma bel ɗin roba mai haƙora a wasu injinan.

Idan injin yana zagaye 3,000 a minti, wanda gudu ne na yau da kullum a kan babbar hanya, kowane fistin yana isa ƙololuwa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25. A yawancin injinan zamani, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isowa idan ya hau. Masu ƙera motoci sun yi haka ne da gangan, domin matse iska sosai da buɗe bawul da faɗi su ne ke ba injin ƙarfi tare da rage shan mai. Ke nan ɗaki ɗaya ne mutum biyu ke amfani da shi, kowa da lokacinsa, sarƙar ce kuma mai raba masu lokacin. Idan faifan sama yana da haƙora 36, goce haƙori ɗaya daidai yake da digiri 10 na juyin kamshaf, wato digiri 20 na juyin karanshaf. Haƙori uku kuwa digiri 60 ke nan. A irin wannan hali bawul yana buɗe fistin zai iso, kuma tsinken bawul da bai kai kaurin fensir ba ba zai iya da ƙarfin fistin ba. Ba sai injin ya tashi ba ma, ƙarfin batir da sitata kaɗai ya isa ya lanƙwasa shi.

Ba kowane kuskuren taimin ne ke kai ga wannan ba, kuma a ganina wanda bai kai ba ɗin ya fi yawa a titunanmu. Idan haƙori ɗaya ne aka goce, a injina da dama mota za ta tashi, ta yi tafiya, sai dai za ta riƙa rawa a tsaye, ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa zuƙar mai fiye da da. A motar da ke da kwamfuta, fitilar gargaɗin injin za ta kama a gaban direba, idan aka jona na'urar bincike kuma sau da yawa takan nuna lambar P0016, wadda ma'anarta ita ce juyin karanshaf da na kamshaf ba su dace da juna ba. Abin takaici, maimakon a koma a buɗe aikin, sai a shiga canza fulogi da famfon mai da na'urorin da lafiyarsu ƙalau, wani ma ya cire ƙwan fitilar ko ya manna mata baƙin salatif, ya ce wa mai mota ai fitilar ce ke da rigima. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowace lita da mota ta sha a banza daga bakin iyali aka cire ta.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wannan kuskure ya yawaita, alhali ƙasar nan ba ta rasa ƙwararrun kanikawa ba? Amsar da na samu ita ce motoci sun sauya, hanyar koyon gyaransu kuwa tana nan inda take. Manyan kanikawanmu na yau, ko waɗanda suka koya masu, sun buɗe ido ne da Peugeot 504, wadda kamfanin haɗa motoci na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya cika ƙasar nan da ita. Injinta yana da kamshaf ɗaya a cikin gangar injin, da gajeriyar sarƙa, da bawul 8, ba kwamfuta, ba wata na'ura mai sarƙaƙiya. Bayan ta sai ga motocin Japan 'yan Kwatano. Toyota Camry ta shekarun 1997 zuwa 2001, wadda ake yi wa laƙabi da fensir, injinta mai lita 2.2 bel yake amfani da shi, kuma yana cikin injinan da fistin ba ya isa ga bawul ko da bel ya tsinke. Mota ta mutu a hanya, a sa sabon bel, a ci gaba da tafiya. Idan an yi kuskuren ɗauri, a kwance a sake, ba a yi asarar komai ba sai lokaci. Wannan sassauci ya koya wa hannaye da yawa ɗabi'ar a gwada a gani.

Camry ɗin da ta biyo bayanta daga 2002, mai injin lita 2.4, sarƙa ce da ita, da kamshaf biyu, da bawul 16, da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin baƙin mai. Haka Corolla ta waɗannan shekaru, haka Honda Accord mai silinda 4 ta 2003 zuwa 2007. Waɗannan injina ba sa yafe gwaji. Injinan dizal kuwa, irin na manyan motoci da wasu motocin haya, kusan dukkansu haka suke, don matsin iskarsu ya fi na fetur nesa ba kusa ba. Hatta babur mai tsarin roba-roba yana da 'yar sarƙarsa ta taimin, da alamar T a jikin faifan maganadisu wadda dole a daidaita ta da alamar faifan sama. Wanda ya koyi aiki a kan injin mai yafiya, ya kawo wannan hannun kan injin da ba ya yafiya, ƙaramin saninsa ya zama masa ƙuƙumi, ya kuma zama wa mai mota.

Ƙa'idar aikin ba boyayya ba ce, tana cikin littafin gyara na kowace mota, kuma yanzu da wayar hannu ana iya samun zanen alamomin kowane injin cikin 'yan mintoci. Kafin a cire tsohuwar sarƙa, a kai fistin na farko ƙololuwa a matakin matse iska, a duba alamomi, a ɗauki hotonsu. Idan sarƙa ba ta jiki, kada a juya karanshaf ko kamshaf kara zube, don a nan ma bawul na iya taɓa fistin. Sabuwar sarƙa tana zuwa da wasu gaɓoɓi masu launi daban, kowace da alamar da za ta hau a kan faifai. A canza robobin da sarƙar ke gogawa a kansu tare da tenshina, wato abin da ke ɗame ta, don ɗaura sabuwar sarƙa a kan tsohuwar tenshina rabin aiki ne, a kuma tabbata an saki tenshinar ta kama. Daga nan sai matakin da ya fi kowanne muhimmanci: a cire fulogai, a sa sifana a juya injin da hannu, a hankali, ta fuskar da yake juyawa, zagaye biyu cikakku. Idan sifana ta cije, a tsaya, kada a yi mata dole. Idan ta zagaya lafiya, a sake duba alamomin faifai ko sun koma mazauninsu. Dattijon nan ya ja hankalina ga wani abu da ke rikita yara, cewa bayan zagaye biyun gaɓoɓi masu launi ba za su koma inda aka ɗora su ba, sai bayan zagaye masu yawa, don haka alamar faifai da ta jikin injin ake dubawa a wannan mataki. Duk wannan bincike bai fi minti biyar ba. Minti biyar ɗin nan da aka yi wa rowa su ne suka ajiye motata mako uku, suka kuma ci kuɗin da ya ninka na aikin farko har sau uku.

Idan kuma an riga an yi ɓarnar, akwai hanyar gane ta ba tare da rantse-rantse ba. Injin da bawul ɗinsa suka lanƙwashe yakan juya da sauri ba nauyi, saboda iska tana zurarewa maimakon ta matsu. Agogon gwada matsin silinda zai nuna ƙasa sosai ko ma sifili. Idan aka hura iska a cikin silinda ta ramin fulogi alhali fistin yana ƙololuwa, inda aka ji tana fita nan ne ciwon yake: ta wajen shigar iska bawul ɗin shiga ne, ta salansa bawul ɗin fita ne, ta murfin baƙin mai ringi ne, idan kuwa lagireto ya riƙa kumfa to gasket ne. Tabon da ke kan fistin shi ma shaida ne da ba ya ƙarya, domin bawul ɗin da tsufa ya cinye ƙonewa yake yi ko ya zaizaye a gefe, ba ya lanƙwashewa guda takwas a rana ɗaya. Gyaransa kuwa ya haɗa da cire kan silinda, da canza bawul da robobinsu, da duba hanyoyin da suke zirga-zirga a ciki ko sun tsage, da wasa mazauninsu, da sabon gasket. Idan an yi rashin sa'a kan bawul ya karye ya faɗa cikin silinda, to sai dai a nemi wani injin a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, a farashin da faɗuwar darajar Naira tun 2023 ta kai inda mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya miƙa hannu.

Sai dai kuma, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu motoci muna da namu kason na laifi, kuma ni ne na farko. Ina tsaye a kan yaron nan tun azahar ina duba agogo, ina ce masa ina da tafiya gobe da asuba, na manta cewa sauri kan haifi nawa. Mu ne muke taya aikin yini guda da kuɗin aikin awa biyu, mu tilasta wa maigida ya karɓi motoci biyar a rana don ya samu na cefane, sannan mu yi mamakin ganin ya bar wa yaro tamu. Mu ne ake nuna mana sarƙa iri biyu mu zaɓi mai araha, alhali mun san araha ba ta ado. Tun farko ma, mu ne muke kashe sarƙar. An yi ta ne don ta daɗe, da yawa har ƙarshen rayuwar injin, amma da sharaɗin baƙin mai mai kyau, domin shi ne ke jiƙa gaɓoɓinta, shi ne kuma ke ba tenshina ƙarfin ɗame ta. Wanda ke zuba man da aka aune masa a galan a bakin titi, ya bar shi wata shida cikin ƙurar hunturu, shi ya fara haƙa ramin da bakanike ya ƙarasa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a cikin al'amarin shi ne maganar nan ta "injin ya gaji". Kuskure kowa na yi, likita na yi, malami na yi, marubuci ma na yi. Amma lulluɓe kuskure da ƙarya cin amana ne, musamman ga mutumin da bai san cikin injin ba, ya miƙa maka dukiyarsa bisa yarda. Ni ina da albashi, na kuma samu wanda ya nuna mini gaskiya. Ina tunanin direban tasi ko ɗan A Daidaita Sahu da ke biyan balas kullum, wanda za a ce wa injinsa ya gaji, ya yarda, ya je ya ci bashi, mai abin hawa kuma ya ƙwace makulli bisa zargin shi ne bai iya riƙo ba. Namu rikicin ya ƙare ne a gaban shugaban kanikawan yankin, inda bayan an baje bawul takwas a kan benci bakanikena ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, aikin yarona aikina ne." Ya mayar da kuɗin aikin da ya karɓa, ya ɗauki rabin kuɗin kaya. Da wannan kalma ya fara tun ranar farko, da har gobe shi ne bakanikena.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, wato NATA, da rassanta na jihohi, da su mayar da juya injin da hannu bayan aikin taimin doka a kowane gareji, su kuma hana a bar wa yaron da ba a yaye ba rufe irin wannan aiki ba tare da maigida ya duba alamomi da idonsa ba. Ya kamata kowane rukunin garejoji ya mallaki agogon gwada matsin silinda da na'urar binciken kwamfuta ko da na haɗin gwiwa ne, tunda motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, da asusun horas da ma'aikata na ITF, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, su sani cewa yawancin masu gyara motocin ƙasar nan a ƙarƙashin bishiya da rumfar kwano suka yi karatunsu, don haka can ya kamata horo ya same su, da harshen da suke ji. Alaƙar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla da masu sana'ar Panteka ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne. Kazalika hukumar SON ta sa ido a kan jabun sarƙoƙi da gurɓataccen baƙin mai da suka cika kasuwanni.

Ga 'yan'uwana masu motoci kuwa, shawarata ita ce idan aka ce za a taɓa taimin, ka tambayi bakanike ko ya taɓa yin irin wannan injin, ka ba shi lokaci, ka biya shi haƙƙinsa cikakke, ka kuma nemi a nuna maka alamomin a juya injin da sifana a gabanka kafin a taɓa makulli. Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba. Ka kuma sani cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da kuɗinsa, ko da yake sulhu a gaban dattawan sana'a ya fi sauri, ya kuma fi barin zumunci.

Bawul ɗaya daga cikin takwas ɗin nan yana kan teburina har yanzu, na roƙi dattijon ya bar mini shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka lafiyarsa ƙalau, sai an mirgina shi a kan tebur ake ganin kansa yana rawa. Ranar da na je ɗaukar motar, na tarar dattijon ya tara yaransa uku a gaban injin, ya miƙa wa ƙaraminsu sifana ya ce ya juya sau biyu ya faɗa masa abin da hannunsa ya ji. Sai da yaron ya gama, dattijon ya duba alamomi, sannan ya miƙo mini makulli. Allah ya sa mu gyara.